Ombatse

Ombatse, wadda sunanta ke nufin "lokaci ya yi" a harshen Eggon, ƙungiya ce ta wasu 'yan ƙabilar Eggon a Jihar Nasarawa, wadda ta faro da sunan tsarkake al'umma ta hanyar rantsuwar gargajiya, daga bisani ta rikiɗe zuwa rundunar sa-kai mai ɗauke da makamai. A ranar 7 ga Mayu 2013 aka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna, wanda aka ɗora alhakinsa kan 'yan ƙungiyar, a ƙauyen Alakyo kusa da Lafiya, inda gommai suka rasu, lamarin da ya sa Gwamna Umaru Tanko Al-Makura ya kafa kwamitin bincike. Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce zubewar amana tsakanin Eggon, Alago da Fulani, waɗanda gona da kasuwa suka haɗa a ƙasar Lafiya, inda garuruwa irin su Arikya da Assakio suke.