Asalin Sunan Zanko

Wanda duk ya ɗaga kai a ƙofar Gidan Makama na Kano, ya ga 'yan tsinin nan na ƙasa da ke tsaye bisa kusurwoyin soro. To, su ne zankwaye. Sunan kuwa aro magina suka yi. Asalin zanko shi ne tukkun da ke bisa kan tsuntsu, har wani kitson mata mai tudu a tsakar ka da shi ake kiransa. Ashe soro ma kai gare shi a idon Bahaushe. Ba kuwa don ado kaɗai aka yi shi ba, gama yana ƙarfafa kusurwa, inda ruwan damina ya fi cin gini. Da rufin kwano ya yawaita, sai zanko ya rasa mazauni a gidaje da yawa.