Yadda Ƙ, Ɗ da Ɓ Suka Samu Gurbi a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa shagon buga takardu, a nan Dutsi ko a Daura, ya san takaicin ganin “ƙasa” ta fito “}asa”, ko “qasa”, ko wani ɗan akwati babu komai a ciki. Matsalar ta girmi mai shagon.

Haruffanmu masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya. Amma da Amurkawa suka tsara ASCII a 1963, gurbi 128 kacal suka yanka, daidai buƙatar Turanci. Kwamfuta lamba ta sani, harafin da ba shi da lamba kuwa babu shi a wurinta. A kan wannan ma'auni aka gina harsunan shirya manhaja irin su C, da kwamfaila, wato manhajar da ke juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa abin da inji ke ganewa.

Sai aka koma dabara. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at, wanda ya ceci littattafai masu yawa. Hikimar irin waɗannan salo ita ce aron gurbi: a ɗauki wurin wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zana ƙ a kanta. Ido yana ganin ƙ, inji yana ganin }. Da zarar takardar ta je kwamfutar da ba a saka mata salon ba, sai asiri ya tonu. Ga mai shirya manhaja abin ya fi muni, domin a harshen C alamar } rufe umarni take yi.

Maganin gaskiya ya zo da Unicode a 1991, inda kowane harafinmu ya samu lambarsa. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar adana lambobin ba tare da rushe ASCII ba. Sai dai an raba mana gida: ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin furuci, ƙ da manyan haruffan suna wani rukuni. Shi ya sa wani salon zai nuna maka ɗaya ya bar ɗayan a akwati.

Su kwamfaila sun yi nawa sosai, a ganina fiye da kima. A harshen Python, sai a Python 3, a Disamban 2008, aka yarda mutum ya raɗa wa abu suna “ƙidaya” a cikin umarninsa. GCC kuwa sai a fitowa ta 10, a 2020, ya karɓi irin wannan suna kai-tsaye, ba tare da an rubuta lambar harafin ba.

Har yau da sauran rina a kaba. Mu a Nijeriya muna rubuta 'ya'ya, maƙwabtanmu na Damagaram suna rubuta ƴaƴa. A wurin Python tasu suna ce karɓaɓɓiya, domin ƴ harafi ne cikakke. Tamu kuwa alamar da ke gaban y buɗe zance take yi, saboda haka sai ya ƙi ta. Ko sunan Mai'aduwa haka zai yi masa.