Gutai: Masu Zanen da Suka Gina wa Kansu Gida a Osaka

Bama-baman Amurka sun ƙone babban sashe na birnin Osaka a 1945. Ana tsaka da sake tayar da masana'antu, a 1954, Jiro Yoshihara ya tara matasan masu zane a garin Ashiya, tsakanin Osaka da Kobe, suka kafa ƙungiyar Gutai. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya kawo masa abin da wani ya riga ya yi. Matasan kuwa ba su ɗauki maganar da wasa ba. A 1955 Kazuo Shiraga ya tuɓe ya faɗa cikin tulin laka yana kokawa da ita, sawun jikinsa ya zama aikin. Saburo Murakami ya sheƙo da gudu ya keta manyan takardun da aka ɗame a jikin katako. Da shekara ta zagayo, Atsuko Tanaka ta saka rigar ƙwayayen lantarki masu launi-launi, wayoyi na reto a jikinta.

Wannan ƙarfin halin aka fi ambata, amma abin da ya riƙe ƙungiyar shekara 18 shi ne ba ta tsaya jiran manyan Tokiyo su buɗe mata ƙofa ba. Tun 1955 take buga mujallarta tana aikawa ƙetare, har aka tarar da ita a ɗakin aikin mai zanen Amurka Jackson Pollock bayan rasuwarsa a 1956. Ta baje ayyukanta a fili, a tsakanin itatuwan wurin shaƙatawa na Ashiya, inda yara da masu wucewa ke gani kyauta. A 1962 ta mai da tsofaffin ɗakunan ajiya na Yoshihara a unguwar Nakanoshima ta Osaka gidan nune-nunenta.

Wani zai ce ai ƙungiyar mutum ɗaya ce, wato Yoshihara, da kuɗin kamfanin man girkin gidansu take numfashi, shi ya sa da ya rasu a Fabrairun 1972 ta watse wata guda bayansa. Akwai gaskiya a nan, kuma abin takaici ne. Sai dai mai kuɗin nan shi ma mai zane ne, da idon ɗan sana'a yake tantance aiki. Zargin kwaikwayon Turawa kuwa bai da ƙafa: kafin Bafaranshe mai sharhin zane Michel Tapié ya iso a 1957, an riga an yi kokawar laka da rigar lantarki. Illar zuwansa ita ce karkata su ga zanen da ake iya naɗewa a kai kasuwa. Birnin ma bai raga musu ba: a 1970, shekarar da suka yi wasa a baje kolin duniya na Osaka, aka rushe gidan nasu don shimfiɗa babbar hanyar mota.