Wauta da Kwaɗayi a Tunanin Bahaushe

A tatsuniyoyinmu, Kura ce aka fi yi wa wayo, kuma wannan abin lura ne. Tana da ƙarfi, ta san daji, ta kuma san halin Gizo sarai, tunda ba yau ya fara cutarta ba. Amma da ya ambaci nama, sai miyau ya tsinke mata ta bi shi. Hujjar wannan maƙala ita ce, a wurin Bahaushe asalin wauta ba ƙarancin basira ba ne. Kwaɗayi ne ke danne abin da mutum ya riga ya sani.

Fiƙihun Malikiyya da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu ya ƙarfafa wannan fahimta. A babin hana mutum sarrafa dukiyarsa, Muhtasar na Halil ya ambaci mahaukaci da yaro, sannan ya ware safihi daban: baligi ne mai hankalinsa, wanda ke watsar da dukiya a kan son zuciya. Bisa aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, ana riƙe masa abinsa, waliyyi ya ciyar da shi ya tufatar da shi daga ciki. Ma'aunin a nan aiki ne. Ba a duba kaifin harshe ko yawan karatu. Shi ya sa wawan sarki, wanda ke fakewa da barkwanci ya faɗa wa sarki abin da ko waziri ba ya iya furtawa, bai shiga wannan lissafi ba; sana'arsa ma sai mai kaifin hankali.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka karkatar da wannan ma'auni. Fina-finan barkwanci sun saba mana da ganin wawa cikin yagaggiyar riga, baƙauye da ya ruɗe a tashar mota. Alhali a shekarar 2016, da shirin MMM na Sergei Mavrodi ɗan ƙasar Rasha ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, cikin masu tururuwa har da ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'a, masu iya lissafi. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, aka yi kunnen ƙashi, a watan Disamba shirin ya rufe asusun jama'a. A Afrilun 2025 wani shirin mai suna CBEX shi ma ya kwashe kuɗin mutane da irin wannan alkawari.

Za a iya cewa matsi ne ya tura su, domin a 2016 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma bai dace a haɗa mai neman na tuwo da mai neman ninki ba. Sai dai shiga irin wannan shiri na bukatar jari, asusun banki da wayar intanet, abubuwan da matalaucin gaske ba shi da su. Da yawa daga waɗanda suka zuba kuɗi sun san ginin zai rushe. Lissafinsu kawai shi ne su fice kafin ya faɗo kan na bayansu.