Satar Rubutu a Jami'a: Ma'anarta, Hukuncinta da Hanyoyin Kauce Mata

Satar rubutu ita ce mutum ya ɗauki kalmomi ko tunani ko sakamakon binciken wani ya gabatar a matsayin nasa, ba tare da ambaton mai shi ba. Jami'o'i na ɗaukar ta babban laifi, domin digiri shaida ne cewa ɗalibi ya yi aikin da kansa.

Nau'o'inta

Mafi bayyana shi ne kwafar rubutu kalma bayan kalma daga littafi ko intanet. Akwai kuma sauya 'yan kalmomi a bar tunanin yadda yake, da fassara aikin wani daga Turanci ko Larabci a ɓoye asalinsa, da biyan wani kuɗi ya rubuta wa mutum kundi. Hatta sake miƙa tsohon aikinka a matsayin sabo laifi ne.

Hukunci

Ya danganta da dokar jami'a: kayar da ɗalibi a kwas, dakatarwa, kora, ko ƙwace digiri ko da an daɗe da bayarwa. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta janye digirin digirgir na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma yi murabus. A 2013 ministar ilimin Jamus, Annette Schavan, ta rasa nata digirin da kujerarta saboda kundin da ta rubuta tun 1980. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Hanyoyin kauce mata

Tun lokacin karatu ɗalibi ya riƙa rubuta sunan marubuci da shekara da shafi. Kalmomin da aka ɗauko kai tsaye a sa su cikin alamar zancen wani. Idan an bayyana tunanin wani da kalmomin kai, har yanzu wajibi ne a ambaci mai shi. Sannan a bi tsarin madogara da sashe ya amince da shi, kamar APA.

Manhajoji irin su Turnitin na nuna kashin da rubutu ya yi kama da wasu, amma malami ne ke yanke hukunci.

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga masu karatun zaure: malaman hadisi sun gina iliminsu a kan isnadi, wato jingina kowace magana ga wanda ya faɗe ta.