Daga Kano zuwa Kwatano: tarihin hanyarmu ta zuwa teku

Duk wanda ya tambayi kuɗin buhun shinkafa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram bayan watan Yulin 2023, ya san abin da ke faruwa a bakin teku, nesa da mu da sama da kilomita 1000, yana shigowa har cikin tukunyarmu. Nijar ba ta da gaɓar teku. Shinkafa, magani, ƙarfen gini, kayan gyaran mota, galibi sai sun sauka a tashar jiragen ruwan wata ƙasa kafin kamiyo ya ɗauko mana su. Yau bari mu waiwaya, don wannan ba shi ne karo na farko da aka rufe mana ƙofa ba.

Kakanninmu arewa suka fi fuskanta. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano, ya biyo ta Damagaram da Agadas, ya ratsa hamada har Tarabulus. Jirgin ƙasa ne ya juya fatauci zuwa kudu. A 1911 layin dogon Turawan Ingila ya iso Kano, daga baya ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Fataucin hamada ya ja da baya, gujiya ta zama kuɗi. Ta Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai, a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a kamiyo, take tsallaka iyaka zuwa tashoshin jirgin Najeriya, sai Legas, sai jirgin ruwa zuwa Turai. Da wannan ciniki Alhazan Maraɗi na farko suka kafu.

To Faransawa abin bai yi musu daɗi ba: su ke mulkin ƙasa, amma arzikinta na bi ta hannun Ingilishi. Ga shi jirgin Najeriya ya yi wa gujiyar kaɗan, buhuna sun yi dala a Kano suna jiran layi. Su ma suna da nasu dogon a Dahome, wato Benin ta yau, wanda ya tashi daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, kilomita 438. An so ya iso bakin kogin Isa, amma a Paraku ya tsaya, kuma har yau bai wuce nan ba. A farkon shekarun 1950 suka fito da tsarin da suka kira Operasiyon Irondel: kamiyo ya kai gujiya Paraku, jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano, a dawowa a ɗauko kayan shigowa. Hanyar ta fi ta Kano nisa da tsada, da tallafin hukuma ta tsayu. Kun ga ke nan tun asali siyasa ce ta zaɓa mana Kwatano, ba kusanci ba.

Gab da samun ƴancin kai aka gina kadarkon da ya haɗa Gaya da Malanbil. A 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahome ta canza suna a 1975. A 1965 aka buɗe tashar Kwatano mai zurfi, inda babban jirgi ke jingina kai tsaye. Kafin nan a cikin teku jirage ke tsayawa, ana jidar kaya da ƙananan jirage.

Darasin farko bai daɗe ba. A ƙarshen 1963 rikici ya tashi kan tsibirin Lete. Gwamnatin Diori Hamani ta sallami ma'aikata ƴan Dahome, ita kuma Dahome ta rufe wa kayan Nijar hanya, suka maƙale a Kwatano. An sasanta daga baya, amma maganar tsibirin sai a 2005 kotun duniya ta yanke ta, ta tabbatar wa Nijar da shi.

Da uraniyom ɗin Arlit ya fara fita a 1971, shi ma Paraku da Kwatano ya nufa. Farin shekarun 1970 ya karya noman gujiya, sai Alhazai suka koma tiranzi: kaya ya sauka Kwatano da sunan Nijar, ya kwana a mangaza a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ya wuce Najeriya. Atamfa, taba sigari, daga baya shinkafa da gwanjo. An samu kuɗi, ba ƙarya. Amma da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun ga yadda mangazai suka yi tsit.

Jirgin namu fa? A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka ƙaddamar da shi a Janairun 2016. Shari'a a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin ta tsayar da sauran. Tsakanin Doso da Paraku babu dogo, don haka bai taɓa kawo mana kontena ɗaya daga teku ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi. Kontena suka taru a Kwatano, kamiyoyi suka yi jerin gwano a Malanbil. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe gefenta, hukumomin Yamai suka bar kadarkon a rufe bisa dalilan tsaro. Mutane da ƙananan kaya suka koma kwale-kwale. Manyan kaya suka juya zuwa Lome, su ratso Burkina ta Kaya, Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, direba ya yi makonni yana jiran a tashi. Hatta bututun man Agadem zuwa Seme, mai kusan kilomita 2000, wanda ya fara lodi a Mayun 2024, bai tsira daga takaddamar ba.

Mai son zuba jari, ko masana'antar man gujiya zai kafa, ko ta jimar fatar jar akuyar Maraɗi, ko ajiyar albasar Galmi, tambayarsa ta farko ita ce: kwana nawa kontena ke yi daga teku, kuma tabbas zai iso? Rangwamen haraji ba ya amsa wannan tambaya. Idan muka duba, Maraɗi ta fi bunƙasa a lokutan da ƙofar Kano da ta Kwatano ke buɗe tare, ɗan kasuwa na da zaɓi.

Layin dogon Kano, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, komawa ce ga hanyar kakanninmu ta 1911. Muna maraba da shi. Amma in ya iso, kada mu sake rataya komai a kansa kamar yadda muka yi wa Kwatano. Legas, Kwatano, Lome, Tema, kowace a riƙe ta da yarjejeniyar da saɓanin shugabanni ba zai taɓa kayan talaka ba.

Allah ya tsare direbobinmu da yaran mota a kan hanya, ya sauƙaƙa wa talaka. Dattawan da suka ga zamanin gujiya, ku ƙara mana da abin da kuka sani.