Lakshmi: Tarihin Bautar Uwar Arziki a Indiya

Lakshmi, wadda ake kuma kira Shri, ita ce abar bautar da mabiya addinin Hindu suke danganta wa arziki da yalwa da sa'a. Ana zana ta mace mai hannu huɗu, a tsaye ko a zaune bisa furen lotus mai kama da bado, sulallan zinariya na zuba daga tafinta, giwaye biyu na kwarara mata ruwa. Gidajen bautar da aka gina mata ita kaɗai ba su kai na Shiva ko Vishnu yawa ba, amma da wuya a shiga gida ko shagon ɗan Hindu a rasa hotonta.

Rig Veda, mafi tsufa cikin littattafan addinin, bai san ta a matsayin abar bauta ba. A littafin Shatapatha Brahmana kuwa Shri ta fito da siffar mace. A can aka ce daga jikin Prajapati mahalicci ta ɓullo, kyanta ya sa sauran alloli hassada har suka nemi kashe ta. Prajapati ya hana su, ya ce su ƙwace abin da take ɗauke da shi kawai. Agni ya ɗauki abinci, Soma ya ɗauki sarauta, Indra ya ɗauki ƙarfi, haka dai har ta koma hannu rabbana, sai da ta yi hadaya aka mayar mata. Wannan jeri ya nuna abin da mutanen zamanin suke kira arziki: abinci da mulki da ƙarfin yaƙi. Waƙar yabonta mai suna Shri Sukta, wadda aka haɗa da Rig Veda daga baya, ta ƙara zinariya da dawaki da shanu, har da kashin shanu, wato takin manomi.

Wasu daga cikin hotunanta na farko da suka tsira suna jikin gine-ginen Bharhut da Sanchi, na ƙarni na 2 da na 1 kafin Miladiyya, kuma wuraren ibadar mabiya Buddha ne. Daga nan ta hau kuɗi. Sarki Azilises na arewa maso yammacin Indiya ya buga ta a sulallansa tare da giwayenta, sarakunan Gupta na ƙarni na 4 da na 5 suka zaunar da ita bisa lotus a kuɗinsu na zinariya. Ko Muhammad na Ghor, sarkin Musulmi da ya ci arewacin Indiya a 1192, ya buga sulallan zinariya da hotonta, ga alama don kasuwa ta riga ta saba da shi.

Labarin da ya fi shahara a kanta yana cikin Vishnu Purana. Wani waliyyi mai saurin fushi, Durvasa, ya ba Indra, sarkin alloli, abin wuya na furanni. Indra ya ɗora shi a kan giwarsa, giwa ta jefar ta tattake. Durvasa ya yi masa baki, albarka ta bar duniya, alloli suka raunana. Mafita ita ce a kaɗa tekun madara. Alloli da abokan gabarsu, asura, suka mai da dutsen Mandara maburgi, macijin Vasuki ya zama igiya, Vishnu ya rikiɗa ya zama kunkuru ya tallafe dutsen daga ƙasa. Cikin abubuwan da suka taso har da Lakshmi, wadda ta zaɓi Vishnu ya zama mijinta.

Kafin wannan aure, labarai sun san ta da rashin zama wuri ɗaya. A Mahabharata ta bar sarki Prahlada, ta bar sarki Bali, ta koma wajen Indra, domin tana bin inda gaskiya da kyauta suke ne, in sun kau ta kau. Tana kuma da yaya, Alakshmi, uwar tsiya, mai son gida mai ƙazanta da rigima. A wajen Vishnu kaɗai ta zauna daram, tana binsa duk lokacin da ya sauko duniya: ita ce Sita matar Rama, ita ce Rukmini matar Krishna. A kudancin Indiya, mabiyan malami Ramanuja na ƙarni na 11 zuwa na 12 sun ɗaga ta har ta zama mai ceton masu zunubi a gaban mijinta.

Wanda ya gane halin nan nata na rashin zama wuri ɗaya ya gane ibadar, domin kusan dukkanta shirin tarbar baƙuwa ce da ake tsoron kada ta wuce ƙofa. Babban darenta yana cikin bikin Diwali, daren duhun wata na Kartika, tsakanin Oktoba da Nuwamba. Malami Al-Biruni, a littafinsa kan Indiya wajen 1030, ya ce a ranar mutane sukan yi wanka, su yi ado, su yi wa juna kyautar ganyen betel da ƙwayar areka, abin taunawa mai matsayin goro a wurinsu, da dare kuma su kunna fitilu birjik. Shi ma ya danganta bikin da Lakshmi.

Tun ana saura makonni ake share gida, a yi shafe, a fitar da tarkace. Ana jibi daren, ranar Dhanteras, ake sayen zinariya ko azurfa, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ko da kwano sabo. Mata su zana ado a bakin ƙofa, su yi 'yan sawun ƙafa da garin shinkafa, yatsun na kallon cikin gida. Da magariba a jera 'yan kasaken fitila na yumɓu da mai da lagwani, a bar ƙofa da taga a buɗe. A shimfiɗa jan ƙyalle, a ɗora gunkinta kusa da na Ganesha mai kan giwa, wanda ake fara roƙo don ya kawar da cikas. A wanke sulalla da madara, a ajiye furanni da alewa da gugguru na shinkafa, a zagaya da fitila. A wasu ƙauyukan arewacin Indiya, da asuba mata sukan bi lungu-lungu suna bugun faifai don korar Alakshmi. Caca ma tana da gurbinta a daren, abin da ya dace da abar bautar da ba ta da tabbas.

'Yan kasuwar Gujarat da Marwari suna da nasu sashe. A daren suke rufe lissafin shekara, su kawo sabon littafin ciniki mai jan bango a yi masa addu'a, a rubuta sunanta a shafin farko kafin a shigar da bashin kowa.

Gabashin ƙasar ya riƙe tsohuwar alaƙarta da gona. A Bengal daren Diwali na Kali ne, Lakshmi kuwa ana bauta mata a daren cikar watan Ashvin, tare da mujiya, tsuntsuwar da take hawa. A Odisha, kowace Alhamis ta watan Margashira mata sukan cika mudu da sabuwar shinkafa su bauta masa a madadinta, suna karanta Lakshmi Purana na Balarama Dasa, mawaƙin ƙarni na 15 zuwa na 16. Labarin yana da ƙarfin hali. Lakshmi ta shiga gidan Shriya, mace daga dangin da ake ƙyamar taɓawa, domin ta tarar da shi tsaf. Mijinta Jagannath, wato Vishnu, da wansa Balabhadra suka kore ta daga gidan bautar Puri. Yunwa ta kama su har suka yi bara, kuma ba ta dawo ba sai da suka yarda kowa ya ci abincin gidan bautar ba tare da duba asalinsa ba.

Siffar da aka sani yau, wadda masu kallon finafinan Indiya suka saba gani a bangon shago, ta samo tushe daga mai zane Raja Ravi Varma, wanda ya kafa maɗaba'a a Bombay a 1894. Hotuna masu araha da kalanda suka kai ta gidan talaka. A 1939 Gandhi ya buɗe gidan bautar Lakshminarayan da iyalan Birla, manyan attajirai, suka gina a Delhi, bisa sharaɗin ba za a hana kowa shiga ba. Kasuwar hannayen jari ta Bombay kuma, tun 1957, takan buɗe na ɗan lokaci a ranar Diwali duk da hutu ne, a yau kimanin sa'a guda, dillalai su yi ibada a ofisoshinsu, sannan su sayi hannun jari ko kaɗan ne don buɗe sabuwar shekarar ciniki.